Murhun Eduvina

A tsibirin Chiloé ruwan sama ɗan gida ne,
ba ya sallama, ba ya ban kwana.
Shekara tamanin da huɗu kakata Eduvina
tana shanya wanki da ido ɗaya a sama.

Murhunta na ƙarfe ne, baƙi wuluk,
a tsakiyar ɗakin katako.
Kafin zakara ya gyara murya
za ka ji murfinsa, ƙwaram,
hayaƙi ya bi bututu ya sanar da unguwa
matar Belarmino ta tashi.

Shi kuwa Belarmino, duk shekara
sai ya hau jirgin ruwa ya yi kudu
askin tumakin masu kuɗi.
Wata biyar, wani zubin shida.
Ya bar mata gona, da bashi a kantin Oyarzo,
da ciki, sau da yawa.
In teku ya janye sai ta tattare siket ta shiga laka
tana tsintar ƙumba har yatsunta su daina ji.
Ta goyo ciyawar teku
ta shimfiɗa wa dankali taki.
In ya dawo da kuɗi ƙulle cikin safa
takan ƙirga sau biyu a gabansa,
sannan ta yi dariya, sannan ta zuba masa miya.

Bakwai ta haifa. Biyar suka ga furfura.
Zazzaɓi ya ɗauke Orfelina tana wata tara.
Abelardo, teku ya karɓe shi yana ɗan ashirin,
ko hularsa bai mayar ba.
Ba ta taɓa zagin teku a gabanmu ba,
amma tun ranar ta juya kujerarta
ta ba taga baya.

Kada a ce waliyyiya ce.
Tana maguɗi a karta.
Tana ɓoye sukari a gwangwanin ƙusoshi.
Shekara goma sha ɗaya ba ta gaida Zoila ba
a kan wata kaza mai ɗingishi.
Harshenta, in ta wasa shi,
limamin coci ma sai ya nemi ƙofa.

Da tsufa ya kwashe wa Belarmino sunaye
ya koma kiranta da sunan uwarsa.
Ta amsa.
Shekara shida tana amsawa,
tana hura masa cokali,
tana aske masa gemu ran Asabar
da hannun da ya fara rawa.
Na tambaye ta ko abin ba ya mata ciwo.
Ta ce, miƙo mini tawul.

Mu jikoki goma sha tara,
kowa ta auna ƙafarsa da tafin hannu.
Da na tafi karatu Santiago
safar ulu ta riƙa bi na a ƙunshi,
kullum ɗaya ta fi ɗaya tsawo
don idonta ya fara hazo.
Na ji kunyar sa su a birni.
Allah ya yafe mini, na ji kunya.

Ran Talata ta rasu, ana ruwa.
Muka kai ta cocin katako mai shuɗin fenti,
muka kwantar da ita kusa da mijinta
ta ɓangaren da ba a hango teku.

Muka dawo, murhu ya yi sanyi ƙalau.
Mu huɗu a durƙushe, ashana kusan kwali guda,
sai hayaƙi kawai,
da hawayen da ba ka san na hayaƙi ne ko na rashi ba.
Sai ga Zoila da sandarta, ba sallama,
ta ture mu gefe,
ta ja wani ɗan ƙarfe can ta baya.
Wuta ta kama.
Ta ce, ita ta koya mini, kafin kazar.

A ƙarƙashin gado na sami buhun iri,
dankalin nan nata mai shuɗin ciki,
duk ya tsiro a duhu, fararen yatsu.
Gobe in ruwa ya tsagaita zan shuka.
In bai tsagaita ba ma zan shuka.
Yanzu dai ina zaune a kujerarta,
ƙafafuna cikin safa,
ɗaya har gwiwa, ɗaya iya ƙwauri.